Duwatsu Masu Zafi a Rufin Halvard

A watan Janairu rana ba ta leƙo tsibirin Skarvik, can ƙuryar arewacin duniya. Ɗan hasken da ake samu da hantsi, kafin a gama wanke kofunan gahawa ya fara janyewa, sai almuru ta sauko a kan tsibirin ta zauna, ta daɗe ba ta zama dare ba. A irin wannan almurun ne Turid take tsaye a kicin tana feraye dankali, tukunyar kifi da hanta tana ɓararraka a gefenta. Mijinta Halvard yana zaune a teburi, ya ɗora ƙafafu a kan kujerar 'yarsu Ragna, yana ba ta labarin yadda ya taɓa koya wa wani matuƙin jirgin ruwa aikinsa. Tun Ragna tana rarrafe Turid take jin labarin nan. Duk shekara matuƙin ƙara wauta yake yi, Halvard kuma yana ƙara basira.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufi, ƙwal, ya gangara a hankali, ya faɗi ƙasa.

Halvard ya tsaya da baki buɗe. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai tukunya. Can wani ya sake faɗowa, wannan karon daidai saman kansu.

"Tsuntsayen teku ne," in ji Halvard. "Ƙaguwa suke fasawa."

"A duhun nan?"

"To su waye? Ke dai ki ji da tukunyarki."

Bai tashi ba, ita ma Turid ba ta sa ran zai tashi ba. Ta zura takalma ta fita. Dusar ƙanƙara ta shimfiɗe a tsakar gida fari fat, babu sawun mutum, babu na kare. Sai wasu 'yan ramuka a gindin bango, tururi yana tashi daga cikinsu. Ta sunkuya ta sa hannu. Dutsen bakin teku ne, baƙi, sumul, da gansakuka a jikinsa, kuma da zafi kamar ƙwan da aka tsamo yanzu daga tukunya. Tana nan tsaye riƙe da shi a bakin rigarta, sai ta jiyo daga can gangare, wajen ɗakin sanyi, wani siririn kuka irin na jaririn da ya gaji da kuka. Babu mai jariri a wannan ɓangaren na tsibirin.

Gidansu a saman ofis yake, ofishin kuma a jingine da ɗakin sanyi, inda masunta ke kawo kifi a auna, a daskarar, kafin jirgi ya zo ya kwashe. Sikeli, da injinan sanyi, da famfunan da ke tura ruwan zafi ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikin bututai, duk kwamfuta guda ce ke juya su, wata tsohuwa a kusurwar ofis. Halvard ya saye ta tun yana da gashi a ka, kuma in yana maganarta sai ka ɗauka shi ya ƙera ta.

Kullum aka kunna allonta sai wani ɗan saƙo ya fito a gefe, yana cewa an gano ɓaraka a manhaja, a sabunta ta. A ƙarƙashin saƙon akwai maɓalli biyu, ɗaya *Yanzu*, ɗaya *Daga baya*. Shekarun baya Halvard ya taɓa danna *Yanzu* da safe, jiragen masunta sun yi layi a bakin gadar sauke kifi, sikeli ya tsaya cak, masunta suka yi ta yi masa dariya. Bai yafe ba. Tun daga ranar ya zama mutumin *Daga baya*. Da yatsansa ya gaji da dannawa, sai ya samo takardar tallan man inji ya liƙa a gefen allon, ya rufe saƙon, ya koma gefe yana kallon aikinsa da alfahari.

Ragna ta yi karatu a birnin Tromsø ta dawo tana riƙe masa ofis. Ta roƙe shi da lallami, ta roƙe shi da faɗa. Kalmar sirrin da ake buƙata kafin a sabunta komai shi kaɗai ya san ta, kuma ya ce da ita za a binne shi. Da kaka kamfanin da ya haɗa injinan ya turo injiniyarsa, wata mata mai suna Bodil, ta hawo jirgin fito takanas. Turid ta kawo mata gahawa ta tsaya a bakin ƙofa tana ji.

"Halvard, ƙofar nan da ake ce ka rufe, ko'ina an daɗe da rufe ta," in ji Bodil. "Ɓarayi sun san da ita. Bi suke suna tattaɓa kwamfutoci su ga wadda ta rage a buɗe."

"Ɓarayi! Su saci me, kan kifi?" Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Yarinya, injina lafiyarsa ƙalau. Ku ne kuka rasa aikin yi, kuna zaune a birni kuna ƙago cuta don ku sayar da magani."

Yarinyar da yake faɗa furfura ta cika mata kai. Ta shanye gahawarta, ta gode wa Turid, ta koma a jirgin yamma. Halvard ya yi wata guda yana ba da labarin yadda ya kore ta.

Da sanyi ya kama sosai sai kwamfutar ta fara zafi. Fankarta tana gurnani ba dare ba rana, in ka danna abu sai ta yi ta nazari kafin ta amsa. Kifin da ke ɗakin sanyi ya fara laushi a gefe-gefe. Halvard ya ce sauyin yanayi ne, kowa ya sani.

Bayan wannan almurun na farko, jifa bai sake fashi ba. Da haske ya fara janyewa sai duwatsu su fara sauka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri. Ba su taɓa fasa taga ba, ba su taɓa samun mutum ba. Wata rana Turid ta sami ɗaya a cikin kwanon man shanu, ya narkar da shi. Wata rana a cikin takalmin Halvard. Ya kira ɗan sandan tsibirin, suka zagaya gida da tocila, duwatsu suna faɗowa a bayansu. Ɗan sandan ya sha gahawa a tsaye ya tafi, bai sake dawowa ba. Daga magudanar wanke-wanke kuma akan ji muryoyi ƙasa-ƙasa, kamar mata suna shawara a ɗakin mara lafiya, da wannan kukan da ba ya ƙarewa.

Sannan abin ya koma kan Ragna.

Da farko gahawa ta daina sha. Sai ta zama in an ɗora buta a wuta ta tashi ta bar kicin. Wata almuru Turid ta sauka ofis kiranta cin abinci, ta same ta zaune a gaban kwamfuta a cikin duhu, ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjiga kamar mai rarrashin yaro, tana wata waƙa a wani harshe da Turid ba ta taɓa ji ba.

"Ragna?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Kallo ne irin wanda ake yi wa abin da aka tako a hanya.

"Ki kashe wutar can," ta ce da wata tsohuwar murya mai kaushi. "Kun dafa abin da ya isa."

Suka kai ta asibiti a can ƙetare. Likita ya auna, ya haska, ya ce gajiya ce da rashin rana, ya ba ta ƙwayoyi. Halvard ya fito yana murmushi.

"Ba na gaya muku ba? Yaran yanzu ne, in suka ga aiki sai su kwanta."

A jirgin dawowa Ragna ta cire rigar sanyinta tana kukan bayanta yana ƙuna. Turid ta ɗaga mata riga a banɗaki. Daga kafaɗa zuwa ƙugu fatar ta yi ja, ta ɗuri ruwa, kamar an kwara mata tafasasshen ruwa, alhali ba abin da ya taɓa ta.

Washegari Turid ta ɗauki makullin mota.

"Ina zuwa?" in ji Halvard.

"Wurin Isak."

"Wannan tsohon mai surkulle? Ni gidana ba za a..."

"Gidanka duwatsu ne ke sauka a kai, Halvard. In kana da wata dabara, ga fili."

Bai da ita, sai ya ce zai je ya duba sikeli.

Isak Aslaksen ya koyar da rabin tsibirin a makaranta kafin ya tsufa ya ajiye alli. Yana jin harsuna uku, ɗakinsa littattafai ne har rufi, kuma yana cikin masu karatu, waɗanda ake kira in jini ya ƙi tsayawa ko yaro ya kasa barci. Kowa yana zuwa wurinsa, ba mai faɗa a fili. Ya saurari Turid har ta gama bai katse ta ba. Ya karɓi dutsen da ta kawo ya juya shi, ya shinshina.

"Halvard ne har yanzu yake riƙe da wurin?"

"Shi ne."

"Na san iyakar kansa tun yana ɗan aji ɗaya," in ji tsohon, ya miƙa hannu ya ɗauko sandarsa. "Mu je kafin haske ya tafi."

Sun iso almuru tana sauka. Teku ya kwanta baƙi ƙirin, ko iska babu. Dutse ɗaya ya faɗo a gaban ƙafar Isak, ya tsallake shi kamar kashin kaza. Ragna tana kwance rub da ciki a kan doguwar kujerar falo, don ba ta iya jingina bayanta. Halvard yana tsaye a bakin taga ya harɗe hannuwa, don a ga shi ba ya cikin wannan shirme.

Isak ya ce a rage fitila. Ya zaro wata tsohuwar wuƙar ƙarfe ya ajiye a ƙasa tsakaninsa da yarinyar. Ya ɗora tafin hannu a kan kanta, ya fara karatu ƙasa-ƙasa, yana ambaton sunan Allah, daga wannan harshe ya koma wancan. Karatun ya yi tsawo. Turid ta ji sanyi yana hawowa daga ƙasan falon, da warin gansakuka da na ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Fankar kwamfuta a ƙasa tana ta gurnani. Can Ragna ta ɗago kai, ta zauna daram kamar ba ita ce mai ciwon baya ba, ta dubi tsohon sama da ƙasa.

"Ka tsufa, Isak," in ji muryar. "Karatun naka ma ya fara zubar da haƙora."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Tun yaushe?"

"Tun kakan wancan mai tumbin yana fitsarin kwance. A ƙarƙashin duwatsun bakin ruwa muke, inda bututunsu yake zubarwa."

Turid ta dafa bango. Tun tana ƙarama ta san da mutanen ɓoye, aljanun ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda kowa ya sani, amma ba ta taɓa tunanin za ta ji su a bakin 'yarta ba.

"Me aka yi miki?" in ji Isak.

"Kakansa in zai zubar da ruwan zafi sai ya ɗaga murya ya ce a kauce. Ubansa ma yana yi, ko da a buge yake. Da aka kawo inji muka yi haƙuri, don yana da lokacinsa. Da safe yake amayo ruwan, mun sani, sai mu janye yara. Bana kuwa ba shi da lokaci. Yanzu ya zubo, an jima ya zubo, tafasasshe. Autana yana wasa a bakin ƙofa da almuru, ruwan ya sauko masa a baya." Muryar ta tsaya. Daga ƙarƙashin gida siririn kukan nan ya taso, ya sake lafawa. "Fatarsa a hannuna ta zame."

"Ni ban zuba wa kowa ruwa ba," in ji Halvard daga taga, muryarsa ta siranta. "Inji ne."

"Injin wa?"

Halvard ya mayar da idonsa kan taga.

"Akwatinka cike yake da baƙi, kai ba ka sani ba," in ji ta. "Mu muna ganinsu. Wayar da ta biyo ta ƙarƙashin teku ta kan ɗakinmu ta wuce. Mutane ne irinku, suna zaune a wata ƙasa, hannayensu kawai suke turowa. Ko ɓalle ƙofa ba su yi ba, turawa suka yi ta buɗe. Sun ɗora wa akwatin nasu aikin har ya ruɗe, yana ta maimaita umarni ɗaya kamar tsohon da ya rikice. Kullum akwatin yana kiranka ka zo ka rufe, kai kuma ka liƙe masa baki da takarda. Mu da ba mu iya karatu ba, mun gane abin da yake cewa."

Isak ya juya ya dubi Halvard ta saman tabarau, irin kallon da ya saba yi masa a aji. Sannan ya koma ga yarinyar.

"In haka ne, me ya kai ki jikin Ragna? Ita ta yi ta roƙonsa."

"Hannunta na gani a kan akwatin. Da na gane ba ita ba ce, na je na leƙa cikinsa shi. Babu wurin zama, Isak. Cike yake da kansa har wuya."

"Me kike so?"

"Fata a madadin fata. Zan tafi da ita ƙarƙashin dutse ta yi jinyar ɗana. In ya warke, sai mu gani."

Wani sauti ya kuɓuce daga bakin Turid. Isak ya ɗaga mata hannu, ya ɗauki wuƙar ya ɗora a kan gwiwar Ragna, ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare. Duwatsu suka zubo a kan rufi kamar ƙanƙarar sama, kwanuka suna karkarwa a kicin, fitila tana lumshewa. Tsohon bai sassauta ba, gumi yana bin gemunsa, har muryar ta yi ƙara ta ce ya isa.

"An zalunce ki, ban musa ba," in ji Isak yana haki. "Amma 'yar mutane ba za ta bi ki ba. Wanda ya halicce ki shi ya halicce ta, kin kuma san iyakarki. Faɗi abin da za a iya."

Aljanar ta dubi wuƙar da ke kan gwiwar Ragna.

"Ruwan ya tsaya yau, kafin teku ya janye. A kori baƙin, a rufe ƙofar. Kuma shi zai yi, da hannunsa, ina kallo."

"An yarda," in ji Isak. "Halvard, sauka ka kashe."

Halvard ya yi gyaran murya. Ya sauke hannuwa, ya sake harɗe su.

"Ai ba haka ake yi ba, Malam Isak. In aka kashe ta, injinan sanyi sun tsaya. Ɗakin cike yake, kifin bana ba a taɓa samun irinsa ba. A gaya mata ta ɗan yi haƙuri lokacin kamu ya wuce. Bayan bikin Ista, ni da kaina zan..."

Isak ya cire tabaraunsa yana gogewa a hankali. Aljanar kuwa dariya ta yi, ba mai ƙarfi ba, wata 'yar gajeriya ta hanci.

"Kin ji, uwar yarinya?" ta ce da Turid. "Da wannan kike kwana."

Turid ta dubi mijinta. Ta ga tumbin, ta ga jan wuyan, ta ga idanun da ke ta zillo suna neman inda za su ɓuya. Ta nemi fushi a zuciyarta ba ta samu ba, don fushi ma sai da sauran ganin girma. Ta tako ta tsaya a gabansa, ta yi magana a hankali kamar mai karanta farashin kaya.

"Halvard, za ka sauka da ƙafafunka yanzu. In ba haka ba, zan ɗauki waya in kira masuntan tsibirin nan ɗaya bayan ɗaya, in gaya musu yadda aka ɗora 'yarka da kifi a sikeli, ka ce kifi ya fi nauyi. Gobe da safe sai ka je bakin gada ka ba su labarin matuƙin jirgi."

Abin da ciwon bayan 'yarsa bai yi ba, tsoron dariyar masunta ya yi. Ya sauka.

Suka bi shi ofis, Ragna tana tafe a baya da wani irin taku na tsohuwa. Turid ta kira Bodil ta sa wayar a kan teburi kowa yana ji. Ba ta ambaci aljanu ba, ta ce kwamfuta ta yi zafi, ruwan narkarwa yana zuba ba lokaci.

"An shige ta ke nan," in ji Bodil, ba mamaki a muryarta. "Ku zare wayar intanet tukuna. Ku rufe famfon ruwan zafi da hannu. Halvard yana nan? Ya shiga ya tsayar da komai. Gobe zan zo a jirgin safe. Sabuntawa kaɗai ba za ta isa yanzu ba, sai an share ta kaf an sake zubawa. Mece ce kalmar sirrin?"

Halvard ya yi wani gunaguni.

"Ban ji ba."

"Halvard," ya ce.

"Na san kai ne. Kalmar nake tambaya."

"Ita ce. Halvard."

Sai suka ji Bodil ta ja dogon numfashi ta sauke.

Ya ɓare takardar tallan da farce, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, ya danna abin da aka ce ya danna. Fankar ta yi ƙasa-ƙasa ta tsaya. Injinan sanyi suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Wani shiru ya sauko wanda Turid ta manta akwai irinsa, har tana jin ruwan teku yana lasar duwatsu a waje.

"An cika miki," in ji Isak. "Saura ke."

"Zan fita. Amma kada ka ɗauka karatunka ne kawai, tsoho." Ta juya idanun Ragna ta zagaya ofishin da su, ta tsayar a kan Halvard. "Tashi za mu yi. Mun zauna da mashaya, mun zauna da masu faɗa da matansu, duk mun jure. Wannan kam ba a maƙwabtaka da shi."

Ragna ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Turid ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Da ta buɗe ido, idanun nata ne, kallon ma nata ne.

"Mama," ta ce, "ƙishirwa nake ji. Akwai gahawa?"

Bodil ta zo da safe ta wuni a ofis. Ta share kwamfutar, ta zuba sabuwar manhaja, ta sa ta riƙa sabunta kanta da kanta, ta miƙa wa Ragna sabuwar kalmar sirri a gaban idon ubanta. Kifin da ya riga ya yi laushi bai jure tsayawar injin ba, kusan rabin ɗakin aka kwashe aka kai masana'antar abincin dabbobi. Fatar bayan Ragna ta bushe ta saɓule, ta bar tabo fari kamar taswira. Ba a sake jin jifa ba.

Kukan ne kawai bai bar kunnen Turid ba. Ita ma uwa ce. Da almurun da ta biyo baya ta ɗauki kwalbar man ƙuna mai kyau, da wani lallausan bargon ulu da ta saƙa wa Ragna tun tana jaririya, ta gangara bakin ruwa. Bututun ya bushe, ƙanƙara ta fara kama bakinsa. Ta ajiye kayan a kan wani faffaɗan dutse, ta tsaya tana jin kunyar kanta, sannan ta ce a hankali, "Ku yi haƙuri. Na yaron ne."

Ba a amsa ba. Amma tana hawowa ta jiyo a bayanta ƙananan sawu a kan tsakuwa, da yawa, a jere, da ƙarar tukwane suna gogar juna, suna yin arewa ta bakin gaɓa. Ba ta waiwaya ba. Ta tsaya har sautin ya narke a cikin na teku.

Da safe ta buɗe ƙofa za ta share dusar ƙanƙara. Ga bargon a kan dakali, an ninke shi tsaf, ninkin da ya fi nata kyau. Ga kwalbar a kansa, ko murfin ba a murɗa ba.

Daga cikin gida muryar Halvard tana tashi, yana waya da wani masunci.

"Ai ni na daɗe ina cewa a sabunta ta. Ka san mata da tsoron inji. Da na ga abin zai ɓaci sai na ce kowa ya matsa, na zauna da kaina..."

Turid ta ɗauki bargon ta rungume a ƙirji. Ta dubi bakin ruwan da ba kowa yanzu, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ja ƙofar ta rufe daga waje, ta zauna a kan dakali cikin sanyi, don a nan muryar ba ta isowa sosai.